An mai da gorar roba farasitamol, amma baƙar leda tana nan daram

Labarin da ya fito daga jami'ar Edinburgh ta Birtaniya a watan Yunin 2025 ya cancanci a tsaya a kansa. Masana ƙarƙashin Farfesa Stephen Wallace sun sauya halittar wata ƙwayar bakteriya mai suna E. coli, irin wadda ke zaune cikin hanjin mutum, har ta iya mai da sinadarin gorar ruwa ta roba farasitamol. E, wannan dai na ciwon kai da ake saye a farmasi, wanda har gobe daga ɗanyen mai ake samo tushensa.

Ba wai ƙwayar ke cinye gorar ɗungurungum ba. Sai an fara narka robar da sinadarai, sannan a ba ta abin da ya fito, ita kuma ta ƙarasa aikin cikin ƙasa da awa 24, ba tare da an hura mata wuta ba. A 2021 ma a jami'ar aka samo vanillin, ƙamshin da ake sa wa biskit da alewa, ta irin wannan hanya. Duka dai a ɗakin gwaji ne, ɗan kaɗan, bai kai ga masana'anta ba tukuna.

To, mu ina ribarmu? Nan ne gizo ke saƙa. Robar da suka yi aiki da ita sunanta PET, ta gorar ruwa da lemo. Ita kuwa a Maradi ko Damagaram ba ta kwana a bola: yara na tsinta, mata na saye su zuba zoɓo, kunun aya ko man gyaɗa. Abin da ke toshe mana magudanai da damina, ya cika tumbin akuya har ta rame ta mutu, ya lulluɓe gonakin bayan gari, baƙar leda ce da ledar fiya wata. Su polyethylene ne, roba mai taurin kai, kuma wannan dabara ba ta taɓa su.

Saboda haka duk wanda ya ce maka Turawa sun samo maganin leda, ka ce masa da sauran rina a kaba. Nijar na da dokar hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita tun 2014, amma yau ko tumatur na dala ashirin ka saya, a ciki za a ƙulla maka.