Sarƙar Da Ta Dace Da Dogon Zarton Inji: 3/8 Ko .404?

Ya kai manomi, da kai malamin gona da ake tunkara da tambaya a ranar kasuwa, akwai wani kuskure da ke cin kuɗin masu zarton inji a ɓoye. Mutum zai ga ƙaton maɗaci ko rimi ya faɗi a gonarsa, ko ya sami kwangilar tsaga katako, sai ya tafi kasuwa ya sayo dogon takobi, wato ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa a kansa, mai tsawon inci 30 ko 36. Daga nan sai ya ce wa mai shago a ba shi sarƙa mafi girma, domin a tunaninsa babban takobi sai babbar sarƙa. Ra'ayina shi ne wannan tunani ya juyar da lissafin. Ƙarfin injin ne ke zaɓen sarƙa, tsawon takobi yana biyo baya.

Kafin mu yi nisa, ka ɗauko sarƙarka da rula. Ka dubi ƙusoshin da suka haɗa gaɓoɓinta, ka zaɓi guda uku a jere, ka auna daga tsakiyar ta farko zuwa tsakiyar ta uku, ka raba biyu. Abin da ya fito shi ne tazarar sarƙar, kuma shi ne lambar da ake bugawa a gindin takobi da jikin kwali. Idan tsakanin ƙusoshin uku ya kai milimita 16 da rabi, sarƙarka .325 ce. Idan ya doshi milimita 19, 3/8 ce. Idan ya kai 20 da rabi, .404 ce. Bambancin bai kai faɗin farce ba, amma a kansa ne ake ƙona kuloci.

Ita .325 ba ta da wurin zama a wannan magana. Sarƙar ƙananan injuna ce masu cc 40 zuwa 60, irin waɗanda ake shigowa da su daga Sin suka cika kasuwanni, kuma takobin inci 16 zuwa 20 ne iyakarta. Ramin da ke tsakanin haƙoranta ƙarami ne, ba ya iya ɗauke ɓarɓashin yanka mai faɗi. Gardamar gaskiya tana tsakanin 3/8 da .404.

Dalilin da ya sa .404 ta yi suna a ƙasar nan sananne ne. Injin da masu tsaga katako suka fi sabawa da shi a dazuzzukan Afirka ta Yamma shi ne Stihl 070, mai cc 106, kuma da .404 yake zuwa. Inji ne mai nauyi, ba ya gudu sosai amma yana da ƙarfin ja, don haka babbar sarƙa ba ta dame shi ba. Gaɓoɓinta masu kauri ne, ƙusoshinta ba sa saurin sakewa, haƙorinta dogo ne mai jure wasawa sau da yawa kafin ya ƙare. A kan 070, ko MS 880 mai cc 121, ko Husqvarna 3120 XP mai kusan cc 119, ba ni da ja: ka bar .404 a inda take. Matsalar ita ce mutane sun ɗauki abin da ya dace da waɗannan ƙattai suna ɗora wa injin da bai kai su ba.

Ka duba abin da ke faruwa a cikin itace. Haƙorin .404 ya fi faɗi, don haka hanyar da yake yankewa ta fi faɗi, kuma duk itacen da ya zama gari inji ne ya biya kuɗinsa da fetur. Ban da haka, giyar da ke jan sarƙa mai haƙora 7 ta .404 ta fi ta 3/8 mai haƙora 7 girma, tana jawo sarƙa fiye da ita da kusan kashi 1 cikin 10 a kowane juyi. Kamar mai keke ne ya sa babbar giya a hawan tudu. Idan ka haɗa wannan da dogon takobi da ya nutse gaba ɗaya a cikin kirya ko kawo, haƙora masu yawa suna cizo lokaci guda, sai ka ji muryar injin ta dushe, sarƙa ta tsaya, kuloci yana zamewa yana zafi. Mai aiki kuwa, don ya gaji, sai ya ƙara dannawa, ya ƙara wa wutar mai.

Saboda haka, ga inji mai cc 70 zuwa 95, irin su Stihl MS 381 mai cc 72, da Husqvarna 372 XP, da MS 660 mai kusan cc 92, ni 3/8 nake ba da shawara, har a kan dogon takobi. MS 660 yana jan takobin inci 36 da 3/8 ba tare da wahala ba. Mai cc 70 kuwa ya fi jin daɗin inci 20 zuwa 25, in an matsa 28. Ka tuna kuma takobin inci 25 yana raba gungumen da kaurinsa ya haura inci 40 idan an yanka daga ɓangare biyu. Da yawa daga masu sayen inci 36 ba su taɓa buƙatarsa ba, nauyinsa kawai suke ɗauka, yana rinjayar gaban injin yana karya musu baya.

Akwai wata dabara da ba a cika sani ba, kuma ita ce ta sa nake ganin 3/8 ta wadatar. Sarƙar da aka saba da ita tana da haƙori ɗaya bayan kowane harshe biyu, ina nufin harsunan nan na ƙasa da ke gudu a cikin kwarin takobi. Akwai kuma mai tsallake, wadda haƙori ɗaya ke zuwa bayan harshe uku. Takobin Stihl na inci 36 yana cin harsuna 114 na 3/8, wato haƙora 57 a sarƙar da aka saba, amma 38 kacal a mai tsallake. Haƙoran da ke cizo sun ragu, inji ya riƙe gudunsa, ɓarɓashi ya sami wurin zama har ya fita daga yankan, kai kuma aikin wasawa ya ragu maka da kashi ɗaya cikin uku. Aibinta shi ne tana da fizga a kan ƙananan rassa kuma ba ta dace da gajeren takobi ba. Daga inci 28 zuwa sama ne amfaninta ke fitowa.

Mai tsaga allo yana da ƙarin dalili. Kowane yanka yana cinye katako daidai faɗin haƙori. Ko da milimita 1 ce kaɗai bambancin, yanka 25 sun cinye kaurin allon inci ɗaya. A kan tik ko loko wannan kuɗi ne da ka zubar a ƙasa. Don tsagawa a tsaye kuma ana wasa haƙori a kan kusurwar digiri 10 maimakon 30 na yankan gicciye, domin allon ya fito sumul.

Masu goyon bayan .404 suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma ba zan ɓoye ta ba. Itacen savana datti gare shi. Ƙurar hunturu tana shiga ɓawo, gara tana hawa da ƙasa har cikin kututture, ga itacen da wutar daji ta babbake. A irin wannan aiki babban haƙori ya fi daɗewa da kaifi. Sai dai siffar haƙorin ta fi tazararsa tasiri a nan. Haƙori mai kusurwa tsaf ya fi sauri a ɗanyen itace mai tsabta, amma da zarar ya taɓa yashi ya dakushe. Mai ɗan lanƙwasa a kafaɗa ya fi jinkiri kaɗan, ya fi juriya nesa ba kusa ba. Ka nemi 3/8 mai lanƙwasar kafaɗa, ka ɓare ɓawon wurin da za ka yanka da gatari, ka ga ko ba ka sami abin da kake nema ba. Hujja ta biyu ita ce ta kasuwa: idan .404 kaɗai ake samu a garinku, sarƙar da ke hannu ta fi wadda ke Legas ko Onitsha. To, a nan sai ka rage tsawon takobin.

Idan ka yanke shawarar sauyawa, kada ka sauya sarƙa ita kaɗai. Giyar ja dole ta zama mai tazara ɗaya da sarƙar, haka ma ƙaramar giyar da ke hancin takobi, in yana da ita. Takobi mai hanci sandararre, irin wanda aka saba gani a 070, bai damu da tazara ba, amma ya damu da kaurin harshe. Kaurin nan shi ma kala-kala ne: milimita 1.3, da 1.5, da 1.6. Siririn harshe a faffaɗan kwari yana sa sarƙa ta yi tangaɗi, yanka ya karkace, wani lokaci ta yi tsalle ta fita. Sarƙar da ta tsinke ko ta fita tana gudu kuwa hannun dama da cinya take nema, don haka kada ka cire ɗan ƙarfen da ke ƙarƙashin murfi mai tare ta, kada kuma ka yi aiki da injin da birkin sarƙarsa ya lalace.

Magagarin ma yana sauyawa. Na .404 mai kaurin milimita 5.5 ne, na 3/8 kuwa 5.2 a sarƙar Stihl, 5.5 a ta Oregon. Ɗan tudun da ke gaban kowane haƙori, wanda ke ƙayyade zurfin cizo, ana barinsa ƙasa da bakin haƙori da milimita 0.65 a 3/8, da 0.8 a .404. Wasu masu aiki suna goge shi sosai wai don inji ya ci da sauri. A kan dogon takobi wannan shi ne ke jawo girgiza da harbin da hancin takobi ke yi zuwa fuskar mutum.

Dogon takobi mashayin mai ne. Ka buɗe famfon man sarƙa zuwa ƙarshe, ka nuna hancin takobi ga kututture ka ba shi wuta, idan ba ka ga layin mai ya fantsama ba kada ka soma yanka. Baƙin man da aka juye daga mota yana ɗauke da garin ƙarfe, yana cin famfo da kwarin takobi. Sarƙa tana miƙewa idan ta yi zafi, kuma doguwa ta fi miƙewa, saboda haka in ka ɗaure ta da zafinta a tsakiyar aiki, ka sassauta ta kafin ka ajiye injin, domin idan ta huce za ta tsuke ta matsa wa sandar injin. Kafin duk wannan kuma, ka tabbatar takardar izinin ofishin gandun daji na jiharku tana aljihunka, ko da bishiyar a gonarka take.