Takin Zamani da Ruwan Gulbi: Ina Haddin Manomi?

A sani cewa tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a shekarar 1978, arzikin ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun ya rataya ga noman rani. Shinkafa da masara da albasa kuwa ba su yin albarka a gonar da ake nomawa rani da damina sai da takin zamani, wato yuriya da kamfa. To amma shuka ba ta cinye dukan abin da aka zuba mata. Ragowar takan bi rarar ban-ruwa ta koma gulbi, ko ta nutse ƙasa ta tarar da rijiya.

Ɓarnar wannan ragowa iri biyu ce. Ta fari, takan ciyar da gansakuka da ciyayin ruwa har su toshe magudana, in sun ruɓe su shanye iskar da kifi ke shaƙa. Ta biyu ita ce mafi hatsari: yuriya takan rikiɗa cikin ƙasa ta zama wani gishiri da likitoci ke kira naitaret, wanda in ya yawaita a ruwan sha yakan raunana jinin jariri ya kasa ɗaukar iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa haddinsa miligiram 50 cikin lita guda.

A nan ne malamai ya kamata su lura. Fikihun Malikiyya yana auna ruwan tsarki da launi da ɗanɗano da ƙamshi. Naitaret kuwa ba ya jirkita ko ɗaya daga cikin ukun. Saboda haka ruwa na iya inganta ga alwala alhali kuwa yana cutar da jinjiri. Hukuncin shansa sai ya koma ƙarƙashin hanin cutar da maƙwabci.

Waɗansu ƙasashe sun riga sun yanka haddi. A jihar Maryland ta Amurka, inda mutane ke zuba wa ciyawar ƙofar gida taki domin ado kawai, dokar da ta fara aiki a 2013 ta hana zuba shi kusa da ruwa da ƙafa 15, ko sa'ad da ake tsammanin ruwan sama mai yawa, ko daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Maris. Dokar taki ta Nijeriya ta 2019 kuwa ingancin abin da ke cikin buhu da horon masu algus ta fi fuskanta.

Bakura ba ta bukatar jiran Abuja. Magabata sun san harimin rijiya, wato filin da ake bari kewaye da ita don kada a ɓata ta. Hakimai da dagatai da sarakunan noma da ƙungiyoyin masu ban-ruwa suna iya yanka irin wannan harimi ga gulbi da magudana, su hana wanke buhu a mashaya, su hori manoma su binne yuriya maimakon watsa ta. Manomi ma riba zai ci, gama takin da ruwa ya tafi da shi kuɗi ne ya zube. Mai sayar da taki kuwa, in ya auna wa mutum mudu, ya gaya masa inda ba a zubawa.

Allah Ya tsare mana ruwanmu da 'ya'yanmu, amin. Wassalamu.