NOMA DA KIWO: Rai-ɗore ba tafasa ba ne

In damana ta zauna, rai-ɗore yana cika bakin hanyar mota da gefen tabki. Asalinsa daga ƙasashen Amurka masu zafi ne, amma yanzu ya zama ɗan gari.

Yana kama da tafasa. Sai dai ganyensa yana da tsini, kuma yana wari in an murza shi.

Dafin yana da yawa cikin ƴaƴansa. Bisashe ba su son shi ɗanye, amma in ya shiga harawa sai su ci. Saniyar da ta ci da yawa tana zawo, fitsarinta ya yi duhu, ta kwanta ta kasa tashi.

Makiyayi ya tumɓuke shi kusa da garke tun yana fure. Uwaye su hana yara cin ƴaƴan.