Katakon Takoradi Ba Caca Ba Ne

Akwai wata ɗabi'a da ta zaune mana a zango. Duk wasan da yaro ya shigo da shi gida a cikin kwali, sai a yanke masa hukunci tun kafin a buɗe kwalin: na Turawa ne, caca ce, ɓata lokaci ne. Yanzu hukuncin ya faɗa kan Jenga, wasan jera katako, kuma masu bugo waya a shirina na rediyo daga Nima da Maamobi sun maimaita shi har na haddace. To, ni ban yarda ba.

Mu fara da zancen Turawa. Leslie Scott, matar da ta kai wasan kasuwa, Baturiyar Ingila ce, wannan gaskiya ne. Amma a nan Ghana ita da 'yan gidansu suka soma yin sa a farkon shekarun 1970, da guntayen katakon da suka samo a wani injin yankan katako a Takoradi. Sunan ma daga Suwahili ya fito, ma'anarsa gina. A 1983 ta nuna shi a baje kolin kayan wasa na Landan, yau kuma kamfanin Hasbro na Amurka ke cin kasuwarsa. Abin da aka haifa a ƙasarmu ya tafi ya dawo cikin kwali, mun kasa gane shi, har muna ce masa baƙo.

Sai zancen caca. Don Allah wanda ya faɗi haka ya zauna ya kalli zagaye ɗaya. Katako 54 ne, a jera su uku-uku hawa 18, kowane hawa ya gitta na ƙasansa. Kowa ya zaro ɗaya da hannu guda ya ɗora a sama, wanda ginin ya rushe a hannunsa shi ya sha kaye. Babu ƙwayar ludo da ake jefawa, babu kati, babu ko pesewa. Katakan ba su cika zama daidai wa daida ba, shi ya sa wani ke sako-sako, wani kuma nauyin ginin duk a kansa yake. Sai ka taɓa a hankali ka gano wane ne wane. Ka zare na tsakiya, ka bar hawan a kan ƙafa biyu. Ka zare na gefe bayan an riga an ɗauke ɗan'uwansa, ka bar wa na bayanka gini a kan ƙafa ɗaya, sai ya yi ta kansa. Ina sa'a a nan?

Caca ta gaskiya kuwa mun san inda take. Tana shagunan cacar ƙwallo da ke bakin titi, tana cikin wayar da ke aljihun ɗanka, ya tura kuɗi ta momo kana zaune kusa da shi ba ka sani ba. Dokar caca ta 2006 ta hana wanda bai kai shekara 18 ba shiga, amma wa ke duba aljihun yaro? Gwamnati ta sa harajin kashi 10 cikin ɗari a kan kuɗin da aka ciyo a 2023, aka soke shi a 2025. Duk wannan dambarwa aka yi ta, mu muna faɗa da guntun katako.

Kuma ka kore shi daga ɗaki, ina za shi? Gidajenmu na haya ne, lunguna a matse, filin Kawukudi ba zai ɗauke yaran zango duka ba. Saurayi ya tafi majalisar masu shan attaya ya buga dame. Yarinya fa? Ba ta da wurin zama a can. Wannan wasa tabarma ɗaya ta ishe shi, kuma kaka da jika za su iya karawa, sau da yawa ma hannun da ya saba tsince tsakuwa a shinkafa ne ke cinyewa. In tsoron shi ne ya cinye lokacin salla da makaranta, sai a yanka masa lokaci, bayan Isha'i, kamar yadda ake yi wa talabijin.

Ƙorafi ɗaya na karɓa: na kanti yana da tsada. Amma kowane guntu tsawonsa santimita 7.5 ne, faɗi 2.5, kauri 1.5. Wane kafinta ne a Maamobi zai ce wannan ya gagare shi? Ragowar katakon da yake sharewa kullum, masu waakye na hura wuta da shi, ya isa. Ya yanka, ya goge da sanfefa, ya zuba a jakar atamfa, ya raɗa masa suna da Hausa tunda wancan sunan na masu shi ne. Ni dai da Jera zan kira shi.