Baƙo Da Rabin Yini A Birnin Katsina

 Ya 'yan'uwa masu karatu, maganarmu ta wannan mako ta shafi ma'aikacin Gwamnati da ɗan kasuwa waɗanda aiki kan kai su babban birnin wata jiha, su gama abin da ya kawo su kafin Azahar, alhali kuwa motar komawa gida sai gobe da safe. To, wannan rabin yini da ya rage a hannun mutum, yaya ya kamata ya yi da shi?

Abin da aka saba gani dai sananne ne. Wani ya shige ɗaki a gidan saukar baƙi ya yi ta sharar barci har rana ta yi ja. Wani ya samu abokan aiki a gindin inuwa su yi ta cin naman manyansu na ofis. Wani kuma, da ya ga ya yi nisa da unguwarsu, babu liman, babu suruki, babu wanda ya san ubansa, sai ya nufi wuraren da ba zai yarda ɗansa ya gan shi a ƙofarsu ba. Irin wannan ya manta cewa Ubangijin da yake bauta wa a gida Shi ne a baƙunci, kuma halin mutum na gaskiya ba ya bayyana kamar yadda yakan bayyana a garin da ba a san shi ba.

Kafin kome sai mutum ya tambayi kansa ko lokacin nan nasa ne. Wanda aka ba kuɗin mota da kuɗin kwana daga baitulmali, ko ɗan kasuwar da maigidansa ya aiko da dukiya, amana ce a wuyansa. In akwai takardar da ba a sa wa hannu ba, ko lissafin da ba a daidaita ba, to, bai samu hutu ba tukuna. Haka kuma wanda ya gama aiki cikin kwana biyu ya rubuta huɗu don ya karɓi kuɗinsu, haram ya ci, ko da duk ofishin haka suke yi. Sai aiki ya kammala sa'an nan ragowar yinin ta zama halaliyarsa.

Na biyu, maganar salla. A mazhabar Imamu Malik, tafiyar da ta kai mil 48 na lissafin malaman fiƙihu, wato wajen kilomita 80, ana yin ƙasaru a cikinta, muddin ba tafiyar saɓo ba ce. Azahar da La'asar da Lisha su koma raka'a biyu-biyu, Magariba da Asuba kuwa suna nan yadda suke. Wanda ya yi niyyar zaman cikakkun kwana huɗu ya zama mazauni, sai ya cika sallarsa. Haka wanda ya shiga garin da yake da mata a ciki, wannan kuwa 'yan kasuwa masu gida biyu su lura da shi. Matafiyin da ya bi limamin gari kuma cikawa zai yi tare da shi.

Yanzu bari mu ɗauki Katsina ta zama misali. Ta zama babban birnin jiha ran 23 ga Satumba, 1987, lokacin da aka fitar da Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, kuma tun daga sa'an nan ba ta rabo da baƙi masu zuwa taro ko biyan wata bukata ta ofis. Mafi yawansu sukan zo su koma ba su san kome ba sai hanyar Sakatariya da tashar mota, alhali suna tsaye ne a kan ƙasar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana ɗaya daga cikin manyan gidajen ilimi na ƙasar Hausa. Tsakanin Azahar da Lisha ya isa mutum ya ga abubuwan da za su zauna masa a zuciya har tsufansa. Sai dai ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora, gama Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne.

Ya fara da tsohuwar Kwalejin Katsina tun ma'aikatan wurin ba su tashi ba, domin yanzu gidan adana kayan tarihi ce. An yi bikin buɗe ta a 1922 don horar da malaman makaranta. A cikin waɗannan ɗakunan ƙasa ne Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim da Abubakar Imam suka yi karatu, kafin a ɗauke makarantar zuwa Kaduna a 1938, daga baya kuma ta koma Zariya, inda aka san ta da sunan Kwalejin Barewa. Ma'aikacin da yake gunagunin cewa ofishinsa ba sanyi, ya tsaya ya dubi kaurin bangon nan da ƙanƙantar tagogin, ya tuna cewa daga nan aka fitar da mutanen da suka riƙe Arewa da Nijeriya, suka kuma tafi ba su bar wa 'ya'yansu tarin dukiyar jama'a ba.

Daga nan sai Hasumiyar Gobarau, wadda tsayinta ya kai kamar ƙafa 50, ginin ƙasa zalla. Mutanen gari suna danganta asalinta da zamanin Muhammadu Korau, wanda ake lissafta shi Sarkin Katsina na farko da ya musulunta, kuma abin da ake gani yau ragowar babban masallaci ne wanda ya haɗa salla da karantarwa. A nan ya kamata mai ziyara ya daɗe. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almaghili ya zo Katsina da Kano daga Tuwat. A wannan zamani ne kuma Imamu Jalaluddini Assuyuɗi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1505, ya rubuto wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasashen nan, har da Sarkin Katsina Ibrahim. Ku duba fa, babu mota, babu waya, babu gidan waya, amma sunan Katsina ya kai kunnen babban malamin Masar, takardarsa kuma ta ratso Sahara a bayan raƙumi ta iso. Fatake kuwa sukan ɗauko littattafai a cikin kayansu na gishiri da tufafi da takarda. Ɗan kasuwa na yau ya san cewa magabatansa a wannan sana'a su ne 'yan aiken ilimi.

Idan La'asar ta yi, sai ya gangara Ƙofar Soro ya yi salla a babban masallacin da ke daura da Gidan Korau, fadar Sarkin Katsina. A wannan gida Sarki Muhammadu Dikko ya zauna daga 1906 zuwa 1944, shi ne kuwa ya tafi aikin Hajji a 1921 yana kan gadon sarauta, a zamanin da tafiyar takan ci watanni.

Bayan La'asar, da rana ta yi sanyi, lokacin ziyarar magabata ya yi. Akwai Wali Ɗan Takum, wato Alƙali Muhammadu ɗan Ahmadu Attazakhti, wanda ya zauna Katsina bayan ya dawo daga Gabas, ya yi alƙalanci har ya rasu wajen 1529. Akwai Wali Ɗan Marina, wanda a littattafan Larabci ake kiransa Ibnus Sabbagi, ma'ana ɗan mai rini, malami kuma mawaƙin Larabci na ƙarni na 17. Akwai Wali Ɗan Masani, wanda ya rayu daga 1595 zuwa 1667, ya yi sharhin Ishiriniya da na Ishmawi, unguwar Masanawa kuma tana nan har gobe. A maƙabartar Ɗan Marina aka rufe Shugaban Ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayu na 2010. Duk mai riƙe da muƙami, babba ko ƙarami, ya kamata ya tsaya a wurin ya ga inda mulki yake ƙarewa. Ladabin ziyara kuwa shi ne a yi wa mamata sallama, a roƙa musu gafara, a tuna mutuwa. Ba a taka kabari, ba a zama a kansa, ba a ɗibar ƙasarsa, bukata kuma ga Allah kaɗai ake kai ta.

Akwai kuma ɗan wannan ƙasa da ba za a ga kabarinsa a Katsina ba, shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya yi Hajji ya zauna Alƙahira yana karantarwa, ya rasu a can a 1741 a gidan Shehu Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Akawun da yake ganin lissafi kayan Turawa ne, ya riƙe wannan suna ya kai wa 'ya'yansa.

Da Magariba ta gabato, kada baƙo ya ce zai yi sammakon dare ya kama hanya, musamman da yake hanyoyin wannan yanki sun yi fama da 'yan fashin daji a 'yan shekarun nan. Ya yi sallarsa a cikin gari, ya tambayi zauren da ake karatu tsakanin Magariba da Lisha, ya zauna a gefe ya saurara ko da babi guda ne. In yana da ɗan'uwa ko tsohon abokin makaranta a garin, ya leƙa shi, gama zumunta a ƙafa take. Tsarabar iyali kuma ya saya da kuɗin aljihunsa.

Abin da muka faɗa game da Katsina haka yake ga sauran birane. Wanda aiki ya kai Sakkwato yana da Hubbaren Shehu da masallatan Shehu da Bello. Wanda ya je Kano yana da Dutsen Dala da Gidan Makama da Kasuwar Kurmi. Da mutum ya ga sunansa cikin masu tafiya, ya tambayi wani masani abin da ke garin tun kafin ya ɗaura kaya, domin in ya dawo yara suka ce, "Baba, me ka gani?" ya samu abin da zai gaya musu ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya, Ya sa albarka a cikin lokutanmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.