A Bar wa Makaɗan Rani Filinsu

Tun kaka da kakanni, da zarar an kai gero da dawa rumbu, makaɗa sukan rataya gangunansu su shiga ƙasa, yau a wannan gari gobe a wancan, har ruwan fari ya sauka. Haka al'adar take a ƙasar Gaya da Ajingi. Ba a taɓa gina musu wani ɗakin wasa ba. Dandalinsu shi ne gindin tsamiya, da bakin kasuwa, da tashar mota, da fagen dambe da kokawa, da filin kalankuwa. In damina ta kama kuma, mai gangar noma ya bi 'yan gayya har cikin kunya.

To, ra'ayinmu shi ne wannan fili yana ƙanƙancewa, kuma asarar ta fi yadda ake tsammani. Yau in ana biki sai a yi hayar lasifika da janareta, yaro guda ya danna waƙar da aka ɗauko daga birni. Ya fi sauƙin kuɗi, ba mu musa ba. Amma fa na'ura ba ta san sunan uban ango ba, balle ta faɗi wanda ya sari garin.

Kowace sana'a da kiɗanta: kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera. Mutumin Gaya kuwa bai kamata ya yi wasa da kiɗan maƙera ba, domin labarin da aka gada ya ce Abagayawa, watau maƙeran da suka tashi daga Gaya neman tama, suna cikin waɗanda suka fara zama gindin Dala. Kirarin gidajen sana'a da jerin sunayen kakanninsu, yawanci a bakin makaɗi suke, ba a takarda ba.

Mu tuna kuma manyan mawaƙanmu a irin wannan yawo suka ƙware. Ɗan Anace a fagen dambe da gonaki ya yi suna. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya zaga ƙasar Hausa da masu kalangunsa shekara da shekaru. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da ɗan kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa. Su rediyo ya ajiye mana muryarsu. Makaɗin ƙauye fa, wa zai ajiye tasa?

Mun san abin da masu ƙin kiɗa za su ce: akwai roƙo mai takura wa mutane, da zambo, da cakuɗar maza da mata cikin dare. Gaskiya ne, kuma ba mu goyon bayan ko ɗaya. Amma gyara ake yi wa irin wannan. A sa wasa tsakanin la'asar da magariba, da sanin dagaci da masu unguwa, a hana zagi, kowa ya koma gida da mutuncinsa.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta, in makaɗa sun sauka garinku bana, ku ba su inuwar makaranta yini guda, ku sa yara su rubuta kirarin da suka ji, ku ɗauki muryar ko da a wayar hannu. Ku kuma akawunan ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, ku buɗe littafi guda ku rubuta sunan kowane makaɗi, da garinsa, da irin gangarsa. Aikin ba ya cin kuɗi, sai himma. Masarautar Gaya ma, wadda Ajingi ke ƙarƙashinta, in ta sa baki, dagatai za su ba da goyon baya.

Tsofaffin da suka riƙe waɗannan waƙoƙi suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu kuwa da yawa sun tafi birni neman abinci. In za a yi, a yi a ranin nan. Allah ya ba mu ikon yi, amin.