Almakashi da Takarda Ba Ɓata Lokaci Ba Ne

Manhajar firamare ta Najeriya ta tanadi darasin al'adu da fasaha, amma sau da yawa a kan allo yake ƙarewa. Ya kamata malaman Dutse Uku da ke Jos su koya wa yara yanka takarda da liƙa ta don haɗa hoto. Yaron da ya ninke takarda gida huɗu, ya yanke gefe, ya buɗe ya ga zane ya fito daidai ta kowane ɓangare, ya fahimci rabi da kwata tun kafin darasin lissafi. Riƙon almakashi kuma yana ƙarfafa yatsun da za su riƙe biro.

Wasu za su ce babu kuɗi, alhali tsohuwar jarida, kwalin sabulu da damammen sitacin rogo sun wadatar. Masu tsoron rauni a nemo musu almakashi marar tsini. Masu ganin wasa ne kuwa, su sani cewa da yankan takarda Henri Matisse, shahararren mai zanen Faransa, ya yi ayyukansa na ƙarshe kafin rasuwarsa a 1954. Jos na da gidan tarihi tun 1952, mai ɗauke da mutum-mutumin yumɓu na Nok, don haka bai dace yaranta su tashi ba su san aikin hannu ba. Shugabannin makarantu, ku ware wa darasin nan awa guda a mako.